Babi na Huɗu: Cimar Ƙasar Gwandu, Daga Gona Zuwa Tukunya

Abincin da ake ci yau da kullum a gidajen Cheberu da sauran garuruwan ƙasar Gwandu da Kalgo ba shi da tarin kayan haɗi, domin idan aka duba abin da ke shiga tukunyar tuwo da ta miya a rana guda, da wuya ya wuce hatsi, da ganye ko kuɓewa, da daddawa, da barkono, da albasa, da gishiri, da ɗan mai, sai kifi ko nama ranar da hali ya yi. Wanda ya saba da girkin da ake cika wa kayan ƙamshi na leda da na gwangwani yana iya ɗaukar wannan ƙarancin a matsayin alamar rashi kawai, alhali kuwa akwai sharaɗi mai tsauri a tattare da shi, wato duk abincin da kayansa suka yi kaɗan ba shi da inda zai ɓoye aibinsa. Idan garin gero ya daɗe da niƙa harshe zai shaida, idan an tsinka nono da ruwa ludayin farko zai tona, idan kuma ganye ya kwana ya yi yaushi babu yawan yajin da zai mayar masa da ƙamshinsa. Saboda haka daɗin irin wannan cima ya rataya ne a kan abu biyu, kyawun abin da aka shuka ko aka tatsa ko aka kamo, da kuma gajartar lokacin da ke tsakanin rabuwarsa da gona da shigarsa tukunya.

Cheberu tana cikin Ƙaramar Hukumar Gwandu, inda ita da Bada suka haɗu suka zama mazaɓa ɗaya, a Jihar Kebbi wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991. Ƙasar noma a wannan yanki iri biyu ce, kuma kowace da abin da take kawowa akushi. Akwai tudu, wato ƙasa mai yashi da ba ta riƙe ruwa, inda ake shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a ɗan gajeren lokacin damina, daga wajen Yuni zuwa Satumba, sannan akwai fadama, wato ƙasa mai laka a kwari ko a bakin gulbi, wadda ruwa ke kwanciya a cikinta ya bar mata danshi har cikin rani, kuma a nan ne ake samun shinkafa da albasa da tumatir da tattasai. Kalgo, da ke kudu da Birnin Kebbi a kan hanyar Jega da Bunza, ta fi kusa da babbar fadamar Gulbin Kebbi, yayin da garuruwan Gwandu suka fi dogara da tudu da ƙananan kwaruruwa. Albarkar waɗannan kwaruruwa ba ta yau ba ce, domin matafiyin nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, ya sauka Gwandu a 1853, zamanin Sarki Halilu, a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu, kuma cikin abubuwan da ya rubuta game da garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo har da albasarsa da ayabar da ke tsirowa a kwarinsa.

Gero shi ne ginshiƙin cimar tudu, har ma mutanen yammacin ƙasar Hausa idan suka ce hatsi shi suke nufi. Tsohon abinci ne ƙwarai a wannan yanki na Afirka, domin masu tonon kayan tarihi sun gano alamun geron da aka noma a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali kimanin shekaru 4,500 da suka wuce, kuma abin da ya sa ya ɗore shi ne jurewarsa ga fari da ƙasa marar ƙarfi, da nunarsa cikin wata uku ko ƙasa da haka. Daɗinsa na farko a kowace shekara shi ne tumu, wato zangarniyar sabon gero da ake karyowa tun ƙwayar tana da ruwa a jikinta, a gasa ta a kan garwashi ana jujjuyawa har ta fara fashewa tana ƙamshi, sannan a murje ta a tafin hannu, a hure ƙaiƙayin, a zuba baki da ɗuminta. Babu gishiri, babu mai, babu komai a cikin tumu sai wuta, amma zaƙin da ke cikinsa ba a samunsa a geron rumbu, kuma dalilin haka sananne ne ga masana tsirrai: ƙwayar hatsi tana tara abincinta ne da farko a matsayin sukari, sannan ta riƙa mayar da shi sitaci, wato garin da ke cika ƙwaya idan ta bushe, don haka wanda ya ci tumu ya riski ƙwayar ne kafin ta gama wannan sauyi. 'Yan makonni kaɗan ake samunsa a shekara, kuma ba ya zuwa kasuwar nesa, sai mai gona da iyalinsa da wanda ya yi sa'ar wucewa ta bakin gonar.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai girki shi ne halin gero bayan an niƙa shi. Ƙwayarsa tana ɗauke da mai kimanin kashi 5 cikin 100, fiye da na alkama ko shinkafa, tana kuma ɗauke da wani sinadari mai farfasa mai, wanda ba ya aiki muddin ƙwayar tana rufe. Da zarar taɓarya ko injin niƙa ya fasa ta, sai man da sinadarin su gamu a cikin iska da zafi, kuma cikin 'yan kwanaki garin ya fara ɗaci da wani wari mai kama da na tsohon mai. Wannan ne ya sa damin gero ke iya shekara a rumbu bai canja ba, amma garinsa ba ya jure ajiya, kuma wannan ne ya sa matan ƙasar Gwandu suka gaji al'adar sussuka da surfe da daka na abin da za a ci a ranar kawai. Sun san hukuncin tun kafin a san dalilinsa.

A wajen fura ake ganin wannan ilimi a fili. Mace takan surfa gero a turmi da ɗan yayyafin ruwa har dusa ta saki, ta bakace, ta wanke shi ta rege tsakuwa, ta baza ya sha iska, sannan ta daka shi tare da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, ta tankaɗe. Garin nan ake cuɗawa da ruwa kaɗan a dunƙula manya-manya, a jefa cikin tafasasshen ruwa har su dahu, a kwashe da zafinsu zuwa turmi a kirɓa, kuma a wajen kirɓin ne ake bambanta gwana da 'yar koyo, domin sai an yi ta dukansa ana ɗan yayyafa ruwa har ya yi laushi ya yi danƙo yana kama taɓarya, babu gudaji ko ɗaya. Daga nan a cura shi ƙanana a birgima cikin gari, kuma wannan curin ne a Sakkwato da Kabi ake kira dawo. Idan aka dama wannan dawo da nonon da aka kawo da safe, a cikin ƙwaryar da aka wanke aka kife a rana, abin da ke fitowa yana da ƙamshin gero a gaba, da ɗan zafin citta a maƙogwaro, da tsamin nono mai sauƙi wanda bai kai ga sa mutum ya yamutsa fuska ba, kuma mutanen da suka tashi da irin wannan fura da yawansu ba sa neman sukari a cikinta. Sukari ya fi yawa ne a inda gero ya tsufa ko nono ya yi rauni.

Nonon kansa ya dogara ne ga makiyaya, kuma zaman Fulani da manoma a ƙasar Gwandu tsohon zama ne da aka gina a kan musaya, shanu su ci karan gona bayan girbi su bar taki, matan ruga su kawo nono da man shanu su koma da hatsi ko kuɗinsa. Kindirmo shi ne madarar da aka dafa aka bar ta ta kwana ta yi kauri ba tare da an cire mata mai ba, yayin da tsala shi ne abin da ya rage bayan an kaɗa an kwashe man. Abin da ke mayar da madara nono wasu ƙwayoyin halitta ne masu amfani, waɗanda ke cinye sukarin madarar su bar tsami, kuma tsamin nan ne ke hana ta lalacewa da wuri a ƙasar da ke da zafi irin wannan. Nonon damina, lokacin da ciyawa ta yi kore, ya fi na bazara yawa da maiƙo, kuma man shanun lokacin yakan fi yin rawaya saboda abin da saniya ke samu a ɗanyar ciyawa. Cokali guda na irin wannan mai, wanda aka soya da albasa har ya daina kumfa, idan aka zuba shi a kan tuwon dawa da miyar kuka, ya wadatar, kuma wannan shi ne irin abin da ake nufi da abinci mai sauƙi da ya tsaya da ƙafarsa. Abin takaici ne cewa a kasuwanni da yawa na Arewa yanzu ana haɗa nono da madarar gari, ko a tsinka shi a mayar masa da kauri da garin 'ya'yan kuka, kuma ba kullum son zuciya ke jawo haka ba, sau da yawa ƙarancin makiyaya da rashin tsaro ne suka kori shanu nesa da gari.

Da saukar damina ganye ke karɓar tukunya. Sure, wanda Kanawa ke kira yakuwa, shi ne sarkin miyar wannan yanki, ana dafa ganyensa da gyaɗa da daddawa, a sa 'yar kanwa don ta karya masa tsami, a ci da tuwon dawa ko da hoce, wato wainar dawa da ake gasawa ba tare da mai ba. Bayansa akwai rama da lalo da tafasa da zogale, kuma mafi yawansu ba a shuka su da wata hidima, a gefen gona ko bayan gida suke fitowa. Kwaɗo shi ne hanya mafi gajarta ta cin su: a tsinko ganyen zogale, a dafa shi sama-sama, a matse ruwan, a zuba garin ƙuli-ƙuli da gishiri da barkono da yankakkiyar albasa, a cuɗa da hannu. Ganye na daga cikin abubuwan da suka fi saurin rasa amfaninsu, domin yana ci gaba da numfashi bayan an tsinke shi, yana ƙone abin da ya tara, kuma sinadarin bitamin C da ke cikinsa yana raguwa da sauri a cikin zafi, ta yadda zogalen da aka tsinko da hantsi aka ci da azahar ya sha bamban da wanda ya yini a buhu a bayan mota. A nan ɗan ƙauye yana da abin da mai kuɗin birni ba ya iya saya.

Sai dai gaskiya ta wajabta a faɗi cewa lokacin yalwar ganye shi ne kuma lokacin da rumbu ke yin ƙasa, tsakanin shuka da girbi, kuma a gidaje da yawa kwaɗon tafasa a watan Agusta ba zaɓi ba ne, abin toshe yunwa ne kafin sabon gero ya nuna. Akwai bambanci mai girma tsakanin gidan da ya ci tuwo da miyar sure domin ita yake so, da gidan da ya ci ganye tsura domin babu tsabar da za a daka, kuma duk mai yabon abincin karkara da ya rufe ido ga wannan bambanci ya zalunci masu cinsa. Abincin da ake yabo a nan shi ne mai sauƙi wanda ya ƙosar, mai hatsi da wake ko gyaɗa da ganye da ɗan nono ko kifi, musamman ga ƙananan yara waɗanda kunu tsura ba ya gina musu jiki.

Rani lokacin lambu ne, kuma a wannan fage albasa ce ke gaba. Aliero, maƙwabciyar Gwandu, ta yi suna a duk Nijeriya da noman albasa da kasuwarta, inda manyan motoci ke lodi zuwa Kudu da ƙasashen maƙwabta, kamar yadda Galmi ta Jamhuriyar Nijar ta yi suna da irin jar albasar da ake kira da sunanta. Shigowar injin ban-ruwa da rijiyoyin burtsatse na fadama, musamman tun daga shirin bunƙasa fadama da aka fara da tallafin Bankin Duniya a farkon shekarun 1990, ta faɗaɗa wannan noma ƙwarai. Mai girki a yankin yana cin albasa a matakai uku da ɗan birni bai cika sani ba: lawashi, wato ɗanyen ganyenta tun tana tsaye a lambu, wanda ake yankawa cikin kwaɗo da dambu, sai sabuwar albasa mai ruwa da ɗan zaƙi wadda ake iya ci ɗanya da tumatir da ƙuli-ƙuli, sai gabu, wato ganyen da aka daka aka dunƙula aka shanya, wanda ke ba miya ƙamshi a watannin da albasa ta yi tsada. Abin da ya rage ana jibge shi a rudu, wata rumfa ta kara da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta ratsa, kuma duk da haka kaso mai yawa yakan ruɓe kafin farashi ya tashi. Tumatir da barkono da tattasai, waɗanda yau ba a tunanin miya babu su, baƙi ne daga nahiyar Amurka da suka iso Afirka bayan 1492, tare da masara da gyaɗa da rogo, kuma hakan ya nuna cewa tukunyar Bahaushe ba ta ƙin baƙon abu muddin ƙasarsa za ta iya fitar da shi.

A ɓangaren fadama, shinkafa da kifi ne abokan juna. Kafin zuwan irin Asiya, Afirka ta Yamma tana da tata shinkafar, mai jan ɓawo, wadda aka fara nomawa a yankin da Kogin Kwara ke bazuwa a ƙasar Mali, kuma wasu nau'o'inta suna tsawo tare da ruwa idan gulbi ya cika, abin da ya sa suka dace da fadamun Kabi. A wannan zamani Kebbi ta zama jigo a noman shinkafar Nijeriya: a nan aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a Nuwamba 2015, a 2016 aka fara sayar da shinkafar haɗin gwiwar Legas da Kebbi, a 2017 kuma aka buɗe babban kamfanin gyaran shinkafa a Argungu. Wannan ci gaba ne na haƙiƙa, amma akwai abin lura game da farar shinkafar inji, domin gogewar da ke sa ta ƙyalli ita ce ke kankare fatar da bitamin B ke zaune a ciki, kuma tun a shekarun 1890 wani likita ɗan ƙasar Holan, Christiaan Eijkman, ya gano a tsibirin Java cewa dogaro da gogaggiyar shinkafa yana haddasa ciwon raunin jijiyoyi. Turara shinkafa da ɓawonta kafin a sheme ta, kamar yadda matan karkara ke yi a tukunya ko rabin ganga, yana tura wani kaso na wannan sinadari cikin ƙwayar. Tuwon sabuwar shinkafa kuwa, wadda ba ta daɗe da barin fadama ba, yana da danƙo da ƙamshin da ba sa buƙatar wata miya mai nauyi.

Kifi ya fi komai rashin haƙuri da jinkiri. Tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu da giwan ruwa su ne sanannun kifayen gulaben yankin, kuma Sarkawa da Kabawa masunta sun gina rayuwarsu a kansu, har bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ya samu shiga jerin al'adun duniya na hukumar UNESCO a 2016. Ɗanyen kifi na ƙwarai ana gane shi da idonsa garau, da jan da ke ƙarƙashin kumatunsa, da tsokar da ke dawowa idan an danna ta da yatsa, kuma irin wannan ba ya son komai sai ruwa da albasa da barkono da daddawa da ɗan tsamin sure, a bar shi ya dahu ba tare da juyawa da muciya ba don kada ya farfashe. Wanda ba za a ci a ranar ba sai banda, wato busar da shi a kan hayaƙi. Madatsun ruwa na Bakolori da Goronyo, da aka gina a saman waɗannan gulabe a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, sun sauya yadda ruwa ke malala a fadamun da ke ƙasa da su, alhali a cikin wannan malala kifi ke hayayyafa, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa kifin gulbi ya zama na ranar sa'a a gidaje da yawa.

Babu inda sauyin zamani ya fi bayyana kamar a wajen abin ɗanɗanon miya. Daddawa ana yin ta ne da kalwa, wato ƙwayar 'ya'yan ɗorawa, kuma aikinta mai tsawo ne: a dafa kalwar tsawon yini ko kwana har ɓawonta ya yi laushi, a surfa a wanke ɓawon ya fita, a sake dafawa, sannan a zuba a mazubi a lulluɓe a ajiye wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku, har ta ruɓa ruɓar da ake so, ta yi yauƙi da ƙamshinta mai ƙarfi, kafin a daka a fyaɗa ta a shanya. A cikin waɗannan kwanaki wasu ƙwayoyin halitta ne ke farfasa furotin ɗin kalwa, wato sinadarin gina jiki da ke cikinta, su saki wani abu mai suna gulutamet, wanda shi ne tushen garɗin da ake ji a romon nama. Wannan abu ne wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya ware daga ciyawar teku a 1908, kuma daga bincikensa aka samo abin da ake kira farin magi, wanda shi ne kuma ke cikin mafi yawan dunƙulen miya na kanti. Ke nan dunƙule da daddawa ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa a harshe, sai dai daddawa tana zuwa da furotin da mai da ƙamshi iri-iri da ke bambanta ta wannan gida da ta wancan, yayin da dunƙule kusan rabinsa gishiri ne, kuma ɗanɗanonsa ɗaya ne daga Kalgo har Legas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokali guda, kuma miyar da aka jefa wa dunƙule uku ko huɗu aka ƙara da gishiri tana iya cinye wani babban ɓangare na wannan kaso tun kafin a je ga sauran abincin yini. Ba a cewa dunƙule haramun ne, amma idan ya zama shi ne miyar, to sure da kuka da kuɓewa duk sun koma abu ɗaya a baki.

Ba kowane sabon abu ne asara ba. A da gishirin yankin daga kwarin Foga na ƙasar Dosso fatake ke kawo shi, amma gishirin kanti mai sinadarin aidin, wanda Nijeriya ta wajabta tun farkon shekarun 1990, ya rage cutar maƙoƙo, kuma babu hikima a barinsa. Haka nan injin niƙa ya sauke wa mata nauyin da masu yabon tuwon daka ba su cika ƙirgawa ba, domin daɗin furar turmi da kafaɗar mace ake sayensa, da sa'o'in da yarinya za ta iya yi a makaranta, kuma gero da aka kai inji da safe aka tuƙa da rana bai rasa wani abin kirki ba. Shanya ma ba kishiyar sabunta ba ce idan an yi ta yadda ya kamata, domin a ƙasar da ke da wata takwas babu ruwan sama dole a busar da kuka da kuɓewa da tumatir, kuma ganyen kuka da aka tsinko yana ɗanye shar aka shanya a inuwa yakan riƙe korensa da yauƙinsa, saɓanin wanda aka baza a rana a gefen kwalta ƙura da hayaƙin mota suna sauka a kansa. Babban abin tsoro yana wajen ajiyar wake, inda wasu ke zuba maganin ƙwari mai guba don hana ƙwaro, har Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Nijeriya a 2015 saboda yawan irin wannan magani a jikinsa, alhali buhu mai ninki uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, wanda ke kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, yana samuwa a kasuwannin Arewa.

Abin da ake ƙoƙarin watsarwa a nan shi ne wasu ƙasashe ke faɗi-tashin dawowa da shi. A 1986 wani ɗan Italiya, Carlo Petrini, ya jagoranci adawa da buɗe shagon abincin gaggawa a tsakiyar birnin Rum, kuma daga nan aka haifi ƙungiyar Slow Food, mai rajin kare abincin da aka noma a kusa aka dafa a natse. Masu bincike a Barazil, ƙarƙashin Carlos Monteiro, sun fito da tsarin rarraba abinci bisa yawan sarrafawar da ya sha a masana'anta, kuma bincike da dama ya danganta yawan cin wanda aka sarrafa matuƙa da ƙiba da ciwon sukari da hawan jini. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. Fura da tuwon dawa da kwaɗon zogale sun cika duk sharuɗɗan da waɗannan mutane ke nema, amma a ƙasar da aka gaje su sau da yawa ana yi musu kallon abincin wanda bai waye ba, manomi ya kai mafi kyawun albasarsa da wakensa kasuwa, ya dawo wa 'ya'yansa da taliyar leda da lemon kwalba yana ganin ya kyautata musu.

Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke ƙasar Kalgo, da jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero, suna zaune ne a tsakiyar waɗannan gonaki, kuma akwai aiki a gabansu da ya dace da su fiye da kowa: tattara tsofaffin irin gero da dawa da jar shinkafa daga hannun manoman da suka rage da su, da gyara rudu don albasa ta daina ruɓewa, da rubuta yadda tsofaffin mata ke yin daddawa da gabu da hoce tun masu sanin suna raye. Na magidanta kuma bai kai wannan wuya ba. Zogale yana kamawa daga reshen da aka kafa a bayan ɗaki ya ba da ganye cikin 'yan watanni, amma ɗorawa sai ta yi shekaru kafin ta fara 'ya'ya, kuma ana sare ta don itace da gawayi fiye da yadda ake dasa ta, don haka duk mai gona a Cheberu da kewayenta da ya tarar da 'yar ɗorawa ta tsiro a cikin kunyarsa, ya kewaye ta da ƙaya ya bar ta ta girma.